Takardar Koke Kan Halin da Tsohon Zakaran Kokawarmu Yake Ciki

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ta hannun Mai Unguwarmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu talakawanka ne, mazauna birni ta wajen Ƙofar Gayan. Kukan wani dattijonmu muka kawo, don kunya ba za ta bar shi ya kawo da bakinsa ba. Mai Unguwa ya san shi, ya san gidansa.

Ranka ya daɗe, a ƙuruciyarsa idan kaka ta yi aka buɗe fili, daga ƙauyukan Giwa, Soba da Maƙarfi ake yo ayari don a ga kayensa. Da makaɗa sun kama takensa, sai ka ga 'yan kokawa suna sunkuyar da kai. Da yawanmu a kafaɗar iyayenmu muka kalle shi. Duk inda ya kai mutum ƙasa, sunan Zazzau ake kira kafin nasa. Abin da aka liƙa masa kuwa, tun a fili yake rabar da shi ga makaɗa, maroƙa da yaransa, domin kuwa haka sana'ar ta gada.

Yau rake yake sayarwa a ƙofar gida. Gwiwoyinsa sun kumbura, ƙugu ya riƙe, a zaune yake sallah. Hannun da ya ɗaga ƙarti, yanzu rawa yake in ya riƙe wuƙar fere rake. A daminar da ta wuce mun shiga ɗakinsa muka tarar da kwanoni jere suna tarar yoyo, ya naɗe warkinsa da layunsa a leda don kada su jiƙe. Wallahi sai da muka yi hawaye. Mun yi karo-karo, amma ciwon ya fi ƙarfin aljihunmu.

A Nijar, tun 1975 ake gasar kokawa ta cin takobi, ƙasa baki ɗaya tana girmama zakaranta. Namu ga shi a bakin titi, yaran unguwa ba su ma san ko wane ne ba.

Muna roƙon Sarki ya sa baki a kai shi asibitin koyarwa na Shika a duba ƙafafun nan, a kuma gyara masa rufi kafin ruwa ya sauka. In ya samu sauƙi, a ba shi matsayi cikin masu kula da kokawar gargajiya a masarauta, domin har gobe matasa na zuwa gindin tiren rakensa yana nuna musu kamu daga zaune.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu ne,
Dattawa da matasan unguwa.