A tsaya kan zane guda wajen ƙera jiragen sojan ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in ce wani abu kan jiragen da sojan ruwanmu ke ƙerawa a Legas, don ni walda ce sana'ata kuma abin yana raina sosai.

NNS Andoni ya fito a 2012, NNS Karaduwa a 2016, sai NNS Oji a 2021, kuma wallahi na ji daɗi, hannun yaranmu ne ya yi su. Amma jirgi uku cikin shekara tara ya yi kaɗan, kuma kowanne ya fi na gabansa girma, ka ga ke nan duk lokacin da za a fara sabo sai an koma kan zane, a sake awo, a sake yankan ƙarfe, ma'aikacin da hannunsa ya fara sabawa sai ya koma ɗan koyo.

A duba abin da Denmak ta yi. Jiragen yaƙinta guda uku samfurin Iver Huitfeldt a ma'aikatar ƙera jirage ta Odense aka haɗa su, wadda a lokacin ta kamfanin Maersk ce, mutanen da suka saba ƙera manyan jiragen dakon kwantena inda ɓata kwana ɗaya asarar kuɗi ce. Sai suka ɗauko zanen gangar jikin Absalon, wani jirgin sojan ruwansu da suke da shi tuntuni, suka gina a kai, aka ƙera jikin gunduwa-gunduwa a Estoniya da Lituweniya aka kawo aka haɗa, hatta wasu makaman daga tsofaffin jirage aka ciro aka ɗora. Zanen ya yi kyau har Birtaniya ta ɗauke shi tana ƙera guda biyar da shi, su ne Type 31.

Na san za a ce ai jirgin yaƙi daban, na kaya daban. Gaskiya ne, ɗakin harsashi da wajen da zai sha wuta ba a yi musu arha. Amma famfo fa? janareto, bututu, wayar lantarki, kicin, gadon kwana, me zai hana a sa irin wanda ke kasuwa, wanda in ya lalace za a samu kayan gyaransa a Apapa ran nan, ba sai jirgi ya yi wata da watanni a ɗaure ana jiran kaya daga waje ba.

Roƙona ga shugabannin rundunar, su zaɓi zanen Oji ko wani guda, a kulle shi, a ba da odar da yawa a jere, a raba wa ƙananan ma'aikatun Fatakwal da Warri gunduwoyin su ƙera, Legas ta haɗa.

Naku,
Wani mai walda, Apapa, Legas