Rahoton Ayyukan Shekara: Ajin Karatun Hoto, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Bana mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne kan ajin karatun hoto da muke yi duk Asabar bayan La'asar. Da na gida muka fara, hotunan bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Kowa ya san hoton masunta sun afka kogin Matan Fada da gora da homa. Tambayarmu kullum ita ce: ina mai hoton ya tsaya, kuma me ya bari a waje? Wanda ya ɗauka daga sama ya nuna jama'a kamar tururuwa. Wanda ya shiga ruwa ya nuna mutum ɗaya yana kokawa da giwan ruwa. Wani dattijo a cikinmu ya tambaya, ina waɗanda suka fito hannu wofi? Mun duba duk tarin, ba mu same su ba.

Darasin da ya fi taɓa mu da damina ya zo. Mambobi sun kawo hotunan gonakin shinkafa a cikin ruwa, ana yaɗawa a WhatsApp wai na wannan makon ne. Da muka bi sawunsu da Google Lens, manhajar binciken hoto, sai ga wasu tun ambaliyar 2020 suke yawo. Ba wanda ya taɓa hoton, bayanin ƙasansa aka sauya. A ganin kwamiti, wannan ya fi yi mana ɓarna fiye da hoton da aka haɗa da kwamfuta, domin tsohon hoton gawa da sunan wani ƙauye a ƙasa ya isa ya watse kasuwa. Yanzu mambobi kan duba lambar mota, rubutun allon shago, da ko ciyawar damina ce ko ƙurar hunturu.

Mun kuma taɓa hotunan ƙirƙirarriyar basira, da misalin na Paparoma Francis cikin farar rigar sanyi da ya ruɗi duniya a 2023.

Inda muka gaza, zaman mata bai ɗore ba saboda lokacin ya ci karo da girki, kuma laifinmu ne da ba mu tuntuɓe su ba tun farko. An mayar da shi safiyar Lahadi. Ziyarar gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ma ba ta yiwu ba don rashin kuɗin mota. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin taro na gaba.

Sakataren ƙungiya