Hattara da fitilar tankin murjani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina jan hankalin masu kiwon kifin teku da murjani (wata halittar teku mai rai) a tankin gilashi a nan Legas, musamman masu haɗa fitila da hannunsu.

Wutar gida bolt 230 ce, ruwan gishiri kuwa yana ɗaukar lantarki sosai. A yi amfani da fitilar LED mai bolt 12 ko 24, a ɗaure tiransifomarta a bango nesa da ruwa, sannan a sa na'urar RCD mai 30mA a layin, wato na'urar da ke yanke wuta nan take idan lantarki ya yi yoyo. A bar waya ta lanƙwaso ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya zuba a ƙasa. Da yake muna yawan komawa kan janareta, na'urar kare hauhawar wuta dole ce.

A rataye fitilar santimita 20 zuwa 30 sama da ruwa, a kan farantin alminiyam mai shan zafi, da murfin roba mai haske. Feshin gishiri kan ci waya a hankali. Kada jan ƙarfe ko tagulla su kusanci ruwan, guba ne ga murjani.

A fara da rabin haske, awa 8 a rana, a riƙa ƙarawa cikin makonni, in ba haka ba murjanin zai yi fari, alamar ya cutu.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas