Wasiƙa daga sashen zuciya

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso tun makonni uku da suka wuce, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Tun da jami'a ta tura mu asibiti horon aiki, da duku-duku nake fita, in dawo ƙafafuna na zugi. Ka ce ƙaninka na son karanta wannan fanni namu na gwajin aikin zuciya, kana so ka san yadda horon yake. Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona.

Shekara biyu muka yi a aji muna haddace zanen bugun zuciya. Na san takardar ECG, wato ta zanen bugun zuciyar, tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa, kowane ƙaramin gida daƙiƙa 0.04 ne, tazarar PR kuma, wato lokacin da lantarkin bugu ke ɗauka daga saman zuciya zuwa ƙasanta, tsakanin daƙiƙa 0.12 ne da 0.20. Na ci jarrabawa da kyau, na zo da tunanin cewa karanta takardar shi ne aikin.

A makon farko aka ba ni wani dattijo mai jiki. Wayoyi goma ake mannawa, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji. Na manna su da sauri, na buga takarda, na kai wa malamar da ke horar da ni. Kallo ɗaya ta yi mata, ta miƙe ta ce in biyo ta. A gaban dattijon ta nemi izininsa, ta kama yatsana ta ɗora a kan ɗan tudun da ke saman ƙashin ƙirji. Ta ce haƙarƙari na biyu yana daidai nan, daga nan zan ƙirga ƙasa har in kai ramin da ke tsakanin na huɗu da na biyar, wurin V1 da V2 ke nan, wato wayoyin ƙirji biyu na farko. Nawa sun hau rami biyu sama da wurinsu. Da muka gyara muka sake bugawa, sai ka ce zuciyar wani ce daban. Daga baya ta nuna min cewa idan wayoyin nan biyu suka hau sama, zanen kan yi kama da na wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya. Ka ga da likita ya karɓa a haka, da an ɗora wa bawan Allah fargaba da ƙarin gwaje-gwajen da ba ya buƙata, duk saboda ban tsaya na ƙirga haƙarƙari ba. Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Tun daga ranar ban sake manna waya da ƙiyasin ido ba.

Na kuma gano cewa kafin na'ura ta ba ka zane mai kyau, sai hankalin maras lafiya ya kwanta. Tsoka ma tana fitar da lantarki. Wanda ke rawar sanyi ko na tsoro, layinsa kan yi ta karkarwa har ya ɓoye alamar P, ɗan tudun da ke fara kowane bugu a zanen, mai gaggawa ya ɗauka bugun zuciyar ne ya rikice. Don haka sai ka ja labule, ka faɗi sunanka, ka bayyana cewa na'urar saurare kawai take yi, ba ta jan mutum. Idan mace ce, a tambaye ta ko ta fi son ma'aikaciya, a kuma rufe mata jiki gwargwadon iko. An ce mana na'urar Einthoven, wanda ya sami kyautar Nobel a 1924 saboda aikinsa kan ECG, sai mutum ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitin ruwan gishiri. Tamu ana turata da hannu ɗaya, amma lallashin maras lafiya har yau aikin mutum ne.

Sauran sassan ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Na yi mako biyu ina duba bayanan Holta, 'yar na'urar da mutum ke yawo da ita awa 24. Bugu kusan 100,000 take tarawa, kwamfuta ta tace, kai kuma ka bi bayanta, domin motsin goge baki kaɗai kan sa ta yi ƙararrawar ƙarya. A ɗakin eko kuwa, inda ake ganin zuciya da sautin da kunne ba ya ji, har yanzu hannuna bai faɗa ba. Ƙashi da huhu suna tare sautin, sai ka lalubi 'yar kafa tsakanin haƙarƙari, ka ɗan karkata kaɗan hoton ya ɓace.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta wata mata da ta zo tana cewa ƙwannafi ke damunta, ga zufa ta jiƙa mata goshi. Ƙa'ida ita ce mai ciwon ƙirji a yi masa ECG cikin minti goma da isowarsa. Na ƙirga haƙarƙari kamar yadda aka koya min, na buga, na ga layin ST, sashen zanen da ke ɗagawa idan jijiyar zuciya ta toshe, ya ɗaga a wayoyi uku maƙwabta. Ban yi shakkar wayoyina ba, don na san inda na sa su. Na miƙa wa likita nan take, ba a jima ba aka wuce da ita ɗakin buɗe jijiya. Bayan kwana uku na gan ta zaune tana hira da 'yarta.

Ka gaya wa ƙaninka za a ba shi littafin da masu horarwa ke sa hannu a kan kowane gwajin da ya iya. Kada cika shi ya zama burinsa. Na ga masu farautar sa hannu, ana barinsu su kaɗai sai su daburce. Ya kuma tambayi kansa ko zai jure tsayuwar awanni, wani lokaci da rigar darma mai nauyi da ke kare jiki daga hasken X-ray, da taɓa jikin wanda bai sani ba cikin girmamawa.

Mako mai zuwa zan koma ɓangaren masu batirin zuciya, inda ake duba na'urar da aka dasa musu a ƙirji. Idan yana da tambayoyi, ya rubuto su ka haɗo min da amsarka. Ka gaishe min da su Baba da Mama da kyau, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
Amininka