Zaman Asabar kan yaranmu da ba sa zuwa makaranta

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da ƴan'uwa.

Za mu zauna ranar Asabar bayan La'asar a harabar firamaren unguwarmu, nan Mabera, kan yaran da ke talla lokacin karatu, musamman mata. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 2004 doka ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, kuma a garin Nana Asma'u muke.

Kafin ranar, kowa ya zagaya layinsu, ya rubuto adadin yaran da abin da ya hana su zuwa. A tambayi iyaye cikin mutunci, kada a ɗauki hoton kowa. Mai hali ya zo da naira 1,000 ta littattafan rubutu.

Allah ya saka da alheri, ya ba mu ikon halarta.