Kun ɓata wasan hoton shafin yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Wallahi raina ya ɓaci da hoton "nemo abin da aka ɓoye" da kuka sa a shafin yara ranar Asabar. Tsohon zane mai kyau kuka samo, amma kuka kashe shi wajen bugawa.

Irin wannan zane layi ne zalla, baƙi a kan fari. Haka mujallar Highlights ta Amurka ta fara buga nata tun 1946. Dabarar ita ce layi ɗaya ya yi aiki biyu: ninkin rigar mutum shi ne kuma bakin cokali, reshen bishiya shi ne jelar kifi, sannan mai zane ya kifa abin ko ya karkata shi don ido ya wuce bai lura ba. Da zarar layin ya dushe, wasa ya mutu.

Ku kuwa kun ɗauki zanen daga takardar da ta yi ja don tsufa, kuka sa a na'ura kamar hoton kyamara. Sai jan takardar ya koma toka-toka, injin ya farfasa layukan zuwa ɗigo-ɗigo, kusan jeri 85 a inci ɗaya kamar yadda ake yi wa hotunan jarida. Takardar jarida kuma shan tawada gare ta, kowane ɗigo sai ya baje. Ga shi kun matse cikakken shafi zuwa kwata, wato kaurin kowane layi ya ragu da rabi. Duba ciyawar da ke ƙasan hoton, inda aka ɓoye almakashi: dunƙulen baƙi kawai ya rage. Ya kamata a ɗauke shi baƙi da fari zalla, a ɗigo 600 zuwa 1,200 a inci, a goge dattin takardar, a ba shi aƙalla rabin shafi, a kuma buga gwaji a nemo abubuwan da ido kafin a tura injin.

Abin da ya fi ƙona rai, jerin abubuwan da za a nemo ya ce abu 12, amma 10 ne a hoton. Biyu sun tafi da gefen dama da kuka yanke don talla ta shiga. Yaro zai yini yana neman abin da babu, ya ɗauka shi ne ba ya gani. Amsar kuma kun manna ta dab da hoton, da zagaye a kan kowane abu. A kife ake buga ta a wani shafi, ko a bari sai mako mai zuwa.

In za ku ci gaba, ku ba mai zane na gida ya ɓoye ludayi, faifai, lauje da maburgi, abubuwan da yaranmu suka san siffarsu.

Af, don Allah ku gyara haruffa masu lanƙwasa. A shafin wasanni na makon nan duk "ƙafa" ta koma "kafa", "baƙi" ya koma "baki".

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Zariya