Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Ke Karatu A Istanbul

Ya ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan, saƙonka ya iso, kuma na karanta abin da ka faɗa game da gardamar abokan ɗakinka a kan Mustafa Kemal, jagoran da ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, wanda suke kira Atatürk. Ka ce ɗayansu ba ya yarda a taɓa shi ko da wasa, ɗayan kuwa ba ya son a ambaci sunansa, sannan ka nemi in gaya maka wanda yake da gaskiya. Shawarata ita ce kada ka ɗauki mutumin dunƙule guda ka yaba ko ka kushe, domin 'yantar da ƙasa aiki ne daban, sauya wa jama'a al'ada kuma aiki ne daban, ko da hannu ɗaya ne ya yi su.

Ka fara da halin da ƙasar take ciki a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta sha kaye a 1918, sojojin Ingila da Faransa da Italiya suka shiga birnin da kake zaune a yau, sojojin Girka kuma suka sauka a Izmir a watan Mayun 1919. Yarjejeniyar Sebar ta 1920, wadda wakilan Sarkin daular suka sa wa hannu, ta yayyanka ƙasar har ba ta bar wa Turkawa wani abin kirki ba. Mustafa Kemal da abokansa ne suka ƙi yarda, suka kafa majalisa a Ankara ranar 23 ga Afrilun 1920, suka tara mayaƙa daga cikin manoman Anatoliya, suka kori Girkawa a 1922, suka tilasta wa Turawa komawa teburin sulhu a Lozan a 1923. Mu da aka ci Sakkwato da yaƙi a 1903, muka zauna ƙarƙashin Bature har 1960, ba mu da bakin raina wanda ya hana a yi wa ƙasarsa haka. Ka kuma sani cewa malamai da shehunan ɗariƙu da yawa sun ba da gudummawa a wannan yaƙi, suna ganin ceton Halifa da ƙasar Musulunci suke yi.

Abin da ya biyo baya shi ne tushen gardamar abokanka. Masu kishin ƙasa na wancan zamani, waɗanda suka sha daga tunanin marubucin nan Ziya Gökalp, sun ɗauka cewa daula mai tattare da harsuna da addinai barkatai ba za ta ɗore ba, sai an gina al'umma ɗaya mai harshe ɗaya, wadda za ta riƙe Turkancinta ta kuma ɗauki ilimin Turai da tsarinsa. Wannan tunani ya ci rayuka. An hallaka Armeniyawa masu ɗimbin yawa tun daga 1915, kafin a kafa jamhuriya. A 1923 aka yi musayar jama'a da Girka, inda Kiristoci fiye da miliyan ɗaya suka rabu da Anatoliya, Musulmi kusan dubu ɗari huɗu kuma suka baro Girka, alhali wasunsu ba sa jin harshen ƙasar da aka kai su. Kurdawa kuwa, da Shehu Sa'id ya yi tawaye a 1925, an murƙushe shi aka rataye shi a Diyarbakir.

Cikin 'yan shekaru aka yi ta zuba dokoki. Ranar 3 ga Maris 1924 aka soke halifanci, aka kori Halifa Abdulmajid daga ƙasar, aka mayar da dukan makarantu ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, abin da ya kai ga rufe madarasai. A watan Nuwamban 1925 aka rufe zawiyoyin ɗariƙu, aka kuma yi dokar hula wadda ta kawar da jar dara ta kawo malafar Turawa. Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu, domin hula mai baki tana hana goshi taɓa ƙasa a sujada, kuma an rataye mutane a kanta, har da malamin nan Atif Hoja na Iskilip a 1926. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ita kanta darar da aka mutu dominta, Sarki Mahmud na Biyu ne ya ɗora ta a kan ma'aikatansa a 1829 a madadin rawani, kuma a lokacin an yi ta ƙorafi cewa bidi'a ce. A gefe guda, dokar iyali ta 1926 da aka aro daga Suwizalan ta hana auren mace fiye da ɗaya, mata kuma sun sami ikon jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa a 1934, shekara goma kafin matan Faransa.

Amma dokar da nake so ka fi tsayawa a kanta ita ce ta rubutu. Ranar 1 ga Nuwamba 1928 majalisa ta ajiye haruffan Larabci da Turkawa suka yi ƙarnoni suna rubutu da su, ta ɗauki haruffan boko guda 29. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma bai kamata ka raina ta ba. Turkanci yana da wasula takwas, har ya kasance harafin wau kaɗai yana tsayawa a madadin sautuka huɗu ko biyar, mai karatu sai ya san kalma tukuna kafin ya iya furta ta. A ƙidayar 1927 kusan mutum ɗaya ne cikin goma ya iya karatu. Mustafa Kemal da kansa ya zaga garuruwa da allo da alli yana koyar da sababbin haruffa, aka buɗe makarantun yaƙi da jahilci a farkon 1929, kuma kafin 1935 yawan masu karatu ya kusa ninkawa. Sai dai an yi abin cikin gaggawa da ƙarfin hukuma, jaridu suka sauya cikin 'yan makonni, malamin da ya tsufa yana rubutu ya wayi gari yana koyon baƙi da wasali tare da yara. Daga 1932 kuma aka shiga tsince kalmomin Larabci da na Farisanci daga harshen, har ta kai dogon jawabin da Mustafa Kemal ya yi kwana shida yana gabatarwa a 1927 sai da aka sake rubuta shi da Turkancin zamani kafin matasa su fahimta. A yau abokin ɗakinka zai wuce ƙarƙashin rubutun da ke saman ƙofar jami'ar Istanbul, ko ya tsaya a kan kabarin kakan kakansa, ba zai iya karanta layi ɗaya ba.

Wannan ya shafe mu. A ƙasarmu ma an sauya rubutu a farkon ƙarnin nan da muke magana a kai, lokacin da Hans Bisha, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta mayar da boko rubutun ofis. Bambancin shi ne, namu baƙo ne ya kawo, kuma bai haramta ajami ba, makarantun allo suka ci gaba da aikinsu. Duk da haka, dubi sakamakon. Samari nawa ne cikin sa'o'inka za su iya karanta waƙoƙin Nana Asma'u a rubutunsu na asali? Turkawa suna iya cewa doka ce ta raba su da takardun kakanninsu, mu kuwa babu ɗan sandan da ya hana mu, sakaci ne kawai.

Ka lura kuma da abin da jama'a suka karɓa da abin da suka tofar. Tun 1932 aka mayar da kiran salla da Turkanci, ladanai suka yi shekara 18 a haka, amma da aka yi zaɓen 1950 jam'iyyar Adnan Menderes ta ci, cikin abubuwan farko da ta yi har da dawo da shi Larabci. Haruffan boko kuwa sun zauna daram, ko masu tsananin sukar Atatürk da su suke rubuta sukar. A ganina rubutun ya tsaya ne domin ya biya wa talaka buƙata, kiran sallar kuma ya faɗi domin babu wanda ya taɓa kukan cewa bai gane abin da ladani ke faɗa ba.

Game da zamanka a can, ka riƙe harshenka. Akwai dokar 1951 da ke hukunta wanda ya ci mutuncin Atatürk da ɗauri, kuma ba ta ware baƙo ba, ba ta ware abin da aka rubuta a Facebook ba. Duk ranar 10 ga Nuwamba da ƙarfe tara da minti biyar na safe, lokacin tunawa da rasuwarsa, za ka ji jiniya, ka ga motoci sun tsaya, to kai ma ka tsaya shiru, wannan ladabin baƙunci ne. Idan abokanka sun ja ka cikin musu, ka tambayi kowannensu abin da ya sami gidansu a waɗannan shekaru, za ka ƙaru fiye da yadda za ka ƙaru da ɗaukar ɓangare.

Abin da nake nema a gare ka shi ne ka shiga ajin koyon tsohon rubutun Turkanci, domin ana koyar da shi a wurare da yawa a birnin, kuma kai da ka sauke Alƙur'ani ka riga ka san yawancin haruffan, 'yan kaɗan ne za ka ƙara. Idan hannunka ya faɗa, ka je maƙabartar Ayyub Sultan ka gwada karanta duwatsun da aka sassaƙa wa rawani da dara, ka kuma leƙa ɗakin karatu na Sulaimaniyya. In ka dawo hutu, insha Allahu, akwai gafakar takardun kakanka na ajami da nake so mu zauna mu karanta tare, mu kwafe su kafin gara ta riga mu.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ilimi mai amfani.

Ni ne,
Mahaifinka